Babi na Biyu a Ɗakin Takaba

Hanne ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. Haka ta taso ta tarar a gidansu, haka kuma ta riƙe har yaron ya yi gemu, ya je jami'a ya dawo, ya ajiye iyali. Ɗan Bappa take ce masa, domin Bappa, ƙanen mijinta, shi ya riƙe shi bayan rasuwar uban. Sunansa na yanka Badaru. Kowa a Toranke da shi ya san shi, amma daga bakin uwarsa ba a taɓa ji ba. Matarsa Lauratu ma ba ta faɗa. Abban Zuhra take cewa, in kuma a gaban manya ne sai ta ce "shi", a gane.

Da damina ta yi nisa, wata ranar kasuwar Gaya, mota ta banke babur ɗinsa a hanyar dawowa. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Lauratu ta tattaro kayanta da 'yarta Zuhra, ta shiga takaba a gidan Hanne, a ɗakin da ke kallon rumbu.

A kwanakin makoki abu guda ne ya riƙe Hanne a tsaye. Duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama addu'a ya shafa, sai ya ce, "Ki gode wa Allah, Hanne. Da kalmar shahada ya cika, sau uku ya faɗa da ƙarfi." Maza sun faɗa a ƙofar gida, mata sun faɗa a tsakar gida, har 'yan uwan da suka zo daga Ajingi sun faɗa. In ƙirjinta ya yi nauyi sai ta jawo maganar ta rufa da ita kamar mayafi. Ai baki goma ba sa haɗuwa a kan abin da bai faru ba.

Aka shiga kaka, aka fara roron wake. Baƙi suka ɗauke ƙafa, gida ya koma shiru, sai kaji da tarin Hanne. A nan ne Lauratu ta kwance wata jaka ta fito da takardu. Kullum in an gama aikin safe sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarta, ta baje su, ta danne kowane tari da dutse saboda iska. Tana karatun digiri na biyu a fannin noma, a sashen da mijinta ya gama nasa, a can ma suka haɗu. Bincikenta a kan ajiyar wake ne, shi ma nasa a kan wake ya yi.

Hanne allo kawai ta yi, sai ɗan yaƙi da jahilci da bai wuce ta iya gane wasu baƙaƙe ba. Ba ta tambaya. Takan zauna gefe da faifai tana tsince wake, tana kallon yarinyar tana karanta takarda, ta ja layi, ta ajiye, ta ɗauki wata, ta koma ta farko. Wani lokaci sai ta daɗe riƙe da wani kundi mai baƙar fata, ba ta buɗe ba, ba ta ajiye ba. Hanne ta san kundin. Na digirin ɗanta ne, ranar da ya kawo shi gida ya ɗora mata a cinya yana dariya, ya ce, "Inna, ga kuɗin awakinki nan sun zama takarda."

Wata ranar da hantsi waya ta yi ƙara. Hannun Lauratu duk kumfar wanki, sai ta danna ta da gwiwar yatsa, murya ta fito fili. Dakta Sa'adiya ce, malamar da ke duba aikinta.

"Lauratu, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Dakta."

"Allah ya ji ƙansa. To, na karanta babi na biyu, kuma ba zan shafa miki mai a baki ba, bai yi ba. Bitar ayyukan da suka gabata aka ce ki yi. Ke kuma kin jera min mutane, wane ya ce, wance ta ce, wane ya ƙara da cewa, kamar 'yan gaisuwa a kan tabarma. Ke ina kike a ciki? Wa ya auna da hannunsa, wa ya ji a bakin wani? Wa za mu yarda da shi, kuma don me?"

Lauratu ta ce, "Na gane."

"Ba ki gane ba tukuna. Wannan 'wani bincike da aka yi a yankin nan' da kike ta jingina da shi, marar uba ne? Ba shi da mai shi?"

Kumfa tana ɗiga daga hannun Lauratu zuwa ƙasa.

"Na san na wane ne," in ji Dakta, ta ɗan sassauta murya. "Ni ma 'yar gida ce, na san abin da ya hana ki. Amma abin da ake kira kunya a gida, a nan sata ake kiransa. Ba a ɗaukar maganar mutum a ɓoye sunansa. Sannan maganar nan tasa ta cewa ƙwari suna cinye rabin waken da manoma suka ajiye, na ce ki bi ta har tushe. Kin bi?"

"Na bi."

"To ki rubuta abin da kika tarar. Kwamiti zai zauna ƙarshen watan nan. Na roƙa miki ƙarin lokaci saboda takaba, an ba ki, shi ne na ƙarshe. In babin nan bai zo a gyare ba, sunanki za a cire, kuma ni ba ni da bakin magana."

Da wayar ta mutu, Hanne ta ajiye faifai. Amarya take kiran Lauratu tun ranar da aka kawo ta, bakinta bai sauya ba.

"Amarya, me kika tarar?"

Lauratu ta goge hannu a zaninta, ta zo ta durƙusa. Ta ɗauko takardu uku ta jera a ƙasa, ta ɗora kundin mai baƙar fata a gabansu.

"Inna, shi ya rubuta cewa rabin wake ƙwari ke cinyewa a ƙauyukanmu. Ya kafa hujja da mutum ukun nan, duk masana ne, duk sun ce rabi. Da na karanta na farko a hankali, sai na ga ba shi ya auna ba, daga na biyu ya ɗauko. Na biyu daga na uku. Na ukun kuma daga wani tsohon rahoto, tun ba a haife ni ba. Na sa aka turo min rahoton a waya. Mai shi a sito ɗaya ya auna, a wani gari can kudu mai danshi, kuma waken ya shekara ba magani. Shi kansa ya rubuta cewa kada a ɗauki awon nasa a ɗora wa ko'ina. Amma ba wanda ya koma ya karanta wannan layin. Mutum uku ne a ido, Inna, amma baki ɗaya ne."

Hanne ta dubi takardun. Duk iri ɗaya suke a wurinta.

"Wato ƙarya ya yi ke nan?"

"A'a, wallahi bai yi ƙarya ba. Yarda ya yi. Ya ga manya uku sun faɗa, sai bai bi sawu ba. Sauran aikin nasa mai kyau ne, da ƙafarsa ya zaga gidaje. Wannan gurbin ne kawai."

"Kuma so ake ki rubuta sunansa, ki rubuta ya yi kuskure."

"Eh."

"A karanta a gaban mutane."

"Eh, Inna."

Hanne ta ji gajiya ta sauko mata tun daga wuya har gwiwa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta da ƙarfin hakan.

"Ciyawa ba ta gama rufe kabarinsa ba. Mamaci da alheri ake ambatonsa, ko a yi shiru. In wani bare ya tona, shi da Allah. Amma ba matarsa ba, ba kuma a kan tabarmata ba."

"To, Inna," in ji Lauratu.

Ta kwashe duwatsun, ta haɗa takardun, ta mayar cikin jaka ta tura ƙarƙashin gado. Da Lauratu ta yi gardama, da Hanne ta fi samun sauƙi. Daga ranar in an gama aikin safe sai ta zauna a bakin ƙofa hannu a cinya, tana kallon rumbu. Ta yi wa Zuhra kitso ta kwance, ta sake yi. Wata kuwa yana ta tafiya, yana ramewa.

Ita ma Hanne ba ta samu hutun da ta zata ba. Maganar Dakta ce ta maƙale mata kamar ƙaya a zani: wa ya auna da hannunsa, wa ya ji a bakin wani? Tana tsince wake, ta ware masu huji gefe, sai ta ji maganar ta dawo. Da farko a kan takardu take jin ta. Daga baya ta soma jin ta a wani wuri da ba ta so.

Hussaina maƙwabciya ta shigo aron turmi. Ita ce ta fi kowa nanata maganar sau uku a ranar makoki. Hanne ta tambaye ta kamar da wasa, a ina ta ji.

"Mai gidanmu ya faɗa min."

"Yana wurin?"

"Ina fa, yana gona. A masallaci ya ji, a bakin Bappa."

Da yamma Bappa ya leƙo, kamar yadda ya saba, da goro a aljihu. Tsakaninsa da Hanne wasa ne tun tana amarya, tsufa bai raba su da shi ba, mutuwa ce ta ɗan rage shi.

"Matar yaya, yau ma tuwon babu gishiri? Na ga sai ramewa nake tun da na dawo cin na gidan nan."

"Wa ya gayyace ka? Rowar matarka ta koro ka. Zauna, tambaya zan yi maka."

Ya zauna a kan turmin da aka kife. Ta tambaye shi kai tsaye. Ya daina tauna goron.

"Me ya kawo wannan kuma? Gari duka ya sani."

"Garin a bakinka ya ji. Kai a bakin wa ka ji?"

"Sagiru. Mai adaidaita sahun nan na garin Balan, wanda ya ɗauke shi daga titi." Ya dube ta da kyau. "Hanne, bar kaza cikin gashinta. An ba ki magana mai sanyi, ki riƙe. Me za ki samu in kin tona?"

"Ban sani ba. Amma tun da na gane baki ɗaya ne, mayafin ya daina rufe ni. Gobe ka sa a kai ni Balan."

Washegari da safe ta hau bayan babur, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu. Hanya duk rami, gonaki hagu da dama an karya dawa an jingine. Kafin su isa ƙugunta ya yi tsami. Suka tarar da Sagiru a ƙarƙashin darbejiya yana wanke kekensa, magidanci ne mai furfura a gefen kai. Da aka gaya masa ko wace ce, ya ajiye bokiti, ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya sabuwa, ya kawo benci da ruwa a kwano.

"Ɗana," in ji Hanne, "ba rigima ta kawo ni ba. An ce a hannunka ya cika. Abin da kunnenka ya ji nake so, ba abin da ake faɗa ba. Kada ka ƙara min, kada ka rage."

Sagiru ya gyara zama.

"Baba, na tarar da shi a gefen titi, idonsa biyu. Muka sa shi a baya, wani ya ja keken, ni na riƙe kansa a cinyata. Ina ta laƙƙana masa kalma. Na ga leɓensa yana motsi, yana bi na. Amma ga ƙarar inji, ga iska. In na ce na ji da kunnena, na yi ƙarya. A asibiti Bappa ya tambaye ni, na ce bakinsa yana motsi da kalma. Kafin a gama jana'iza sai na ji ana cewa sau uku, da ƙarfi. Na rasa yadda zan tsaya a cikin mutane in ce ba haka na faɗa ba."

Hanne ta gyaɗa kai. Ta ji wani abu ya zame daga kafaɗarta, iska ta taɓa wurin.

"Ba ka ji komai ba ke nan."

"Na ji abu ɗaya, tun kafin a tayar da inji. Amma ba abin faɗa ba ne."

"Faɗa."

"Cewa ya yi, 'Malam, duba min takalmina, ƙafa ɗaya ta faɗi.'"

Sai ga dariya ta kubce wa Hanne, irin wadda ba ta yi ba tun damina, ta zo tare da hawaye har ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Yaron da tun yana tatata bai taɓa dawowa gida da takalmi ƙafa biyu ba. Ya bar ɗaya a makarantar allo, ya bar ɗaya a bakin rafi, ranar ɗaurin aurensa ma da takalmin Bappa ya dawo daga masallaci. A cikin duk abin da aka faɗa mata tun rasuwar, wannan ce magana ta farko da ta ji muryarsa a ciki.

Sagiru ya tashi ya ɗaga kujerar keken, ya fito da wani abu a leda.

"Na koma washegari na samo shi a cikin ciyawa. Kullum sai in ce zan kawo, sai in kasa."

Rana ta karkata kafin ta dawo Toranke. Ƙafafunta sun kumbura, bayanta kamar an daka. Ta yi la'asar a zaune. Ta daɗe a kan dardumar tana roƙa masa gafara, da abin da ta sani yanzu, ɗan kaɗan: leɓe yana motsi, yana bin mai laƙƙanawa. Sauran Allah ne ya ji, shi da ƙarar inji ba ta hana shi ji. Ta ga wannan kaɗan ɗin yana ɗaukar nauyinta in ta jingina, ba ya lotsawa.

Ta fito ta tarar da Lauratu a inda ta bar ta. Ta ajiye ledar a gabanta. Lauratu ta buɗe, ta ga takalmin, ta dafe shi a ƙirji tana kuka. Hanne ta ba ta labarin yadda Sagiru ya ba ta, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta bari har kukan ya lafa.

"Amarya, kwana nawa ya rage wa watan nan naku?"

"Kaɗan ne, Inna."

"Ɗauko jakar."

Lauratu ta ɗago ido.

"Ɗauko, na ce, kada in sake shawara, na gaji. Shi mutum ne mai yar da takalmi. In ya yar da ɗaya a cikin takardar nan, gara ke ki tsinto masa da wani ya tsinta ya yi dariya. Amma ki fara da gidajen da ya zaga da ƙafarsa. Ki faɗi wannan tukuna, sannan ki faɗi inda ya yarda da manya bai bi sawu ba. Su manyan ma ki faɗi nasu, kada a bar masa shi kaɗai."

"Haka ake yi dama, Inna. Kowa da abin da ya gani, da inda ganinsa ya tsaya."

"To yi."

Aka sake shimfiɗa tabarma, aka dawo da duwatsun. Kwanakin da suka biyo baya Hanne ta karɓe girki da Zuhra. Lauratu ta rushe jerin nan na wane ya ce, ta sake gini. Ta ware waɗanda suka auna da kansu gefe guda, waɗanda suka ɗauko daga wasu gefe guda, ta nuna inda suka yi saɓani da abin da har yanzu ba wanda ya auna a ƙauyukan nan, wato gurbin da nata aikin zai shiga. Bappa ne mai kai kwamfuta caji yana dawowa da ita, yana mitar an mayar da shi ɗan aike da furfurarsa.

Ranar da za a kai aikin Gaya a tura wa Dakta, saura kwana kaɗan kwamiti ya zauna, Bappa yana ƙofar gida a kan babur yana ta danna hon. Hanne ta tsayar da Lauratu.

"Nuna min inda yake."

Lauratu ta juyo da kwamfutar, ta nuna wani layi a tsakiyar shafi. Ga sunan nan, da shekara a gefensa, a cikin sunayen mutanen da Hanne ba ta sani ba. Ta gane baƙin farko, mai ciki biyu, tun na yaƙi da jahilci.

"Ranar da zan kare aikin sai na faɗe shi da baki, a gaban malamai," in ji Lauratu. "Ban san yadda zan yi ba."

"Kya iya. Ba a nan za ki faɗa ba, a can ne."

Hanne ta goge yatsanta a zani, ta ɗora a kan gilashin, daidai kan sunan. Ta ɗan jima a haka. In aka tambayi Lauratu yau, cewa take ta ga leɓen Inna ya motsa, amma Bappa yana ta hon a waje, ba ta ji komai da kunnenta ba.

Hanne ta ɗauke yatsa.

"Kai masa kafin ya tara mana unguwa," ta ce, ta koma ta ɗauki faifanta.